Mai Fentin Allunan Bakin Hanya

Sunana Delmus Pickard, fenti ne abincina.
Allunan ƙarfe goma sha tara ke wuyana,
daga gadar kogin Edisto
har inda kwalta ta gaji ta miƙa wuya ga yashi.
Duk shekara nakan ɗauko tsani da buroshi,
in kankare kashin tsuntsaye,
in bi haruffa ɗaya bayan ɗaya da ruwan gwal
kamar mai sa wa tsohuwa kwalli.

Allo na farko na wani janar ne.
Kwana ɗaya tak ya yi a nan.
Ya ci kaza, ya yi minshari, da asuba ya wuce.
Layi tara aka ba shi.
Wadda ta fige kazar ko wasali ba ta samu ba.

Na bakwai na cocinmu ne, Dutsen Nebo.
An gina, an ƙone, an sake ginawa,
iyakar abin da ƙarfen ya yarda ya faɗa ke nan.
Bai ce wa ya ƙyasta ashanar ba,
alhali ko karen garin ya san gidan.
Jikan mutumin ne ke sayar mini da fenti.
Muna gaisawa. Har ragi yake yi mini.
Tsohuwar ƙararrawa kuwa, in ji kakata,
narkar da ita aka yi lokacin yaƙin basasa aka zuba igwa,
bakin da ke kiran mutane ibada
ya koma yana kiransu kabari.

Wa ke karantawa?
Motoci fuu, fuu, kamar an koro su.
Sai wanda tayarsa ta fashe,
ko yaron da fitsari ya matsa,
ya tsaya yana haɗa baƙi uwarsa na danna masa oda.

Amma na sha huɗu, shi ne nawa.
Samari goma sha ɗaya da jirgin ruwa ya kwasa
zuwa yaƙin duniya na biyu,
teku ta mayar da takarda maimakon mutum.
Na shida a jeri, Hollis Tarrant,
maƙera sun cinye masa harafi guda,
suka bar shi Tarant, kamar mai giɓi.

Ƙanwarsa Verlie ta kai ƙara ofishin gunduma sau biyar.
Aka ce zubin ƙarfe ne, Baba, ba a yi masa ƙari,
kuma babu kuɗin sabo a kasafin bana.
Banar nan ta shekara talatin ba ta wuce ba.

To, ranar fenti sai ta zo da kujerarta mai naɗewa,
da ruwan shayi mai ƙanƙara a kwalba,
ta zauna ƙarƙashin itacen pikan tana nuni da sanda:
Delmus, cusa shi nan, tsakani.
Ni kuwa in matse hannu in zana ɗan siririn harafi
a filin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba.
Doka ta hana. Na sani.
Ruwan sama ma bai yarda ba,
kafin Kirsimeti ya lashe shi tas.
Ta ce ba komai, shi ma Hollis ɗin
ai bai daɗe ba.

Bana na kafa tsani, na jira har rana ta take.
Inuwar pikan ta zagaya ba kowa a ciki.
Limamin coci ne ya rage gudu ya leƙo ta taga,
ya ce tun watan Maris.

Na tsoma buroshi.
Hannuna na rawa, shekara saba'in ba wasa ba,
harafin ya fito a karkace kamar mai jingina da ɗan'uwansa.
Na bar shi haka.
Wata motar katako ta wuce,
ta watsa wa ɗanyen fentin ƙura.
Saura alluna biyar kafin duhu.